Sikanin ya nuna cikin ya daina girma, likita ya bani zaɓi uku, dan Allah ku bani shawara

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutu, na rasa wanda zan tambaya ne. Jiya naje awo aka yi min sikanin, a lissafina cikin ya shiga sati 10 amma likita yace abinda yake gani bai wuce girman sati 6 ba kuma bai ga bugun zuciya ba. Ni kuwa wallahi ba jini ba ciwon mara, tashin zuciyar ma har yau da safe ina jinta, shi yasa na kasa yarda. Yace in koma bayan sati ɗaya a sake dubawa, in an ga babu canji to ɗayan uku ne, ko in jira ya fita da kansa, ko a bani magani, ko a yi min wankin ciki. Tun jiya kaina ya kulle, in na rufe ido fuskar likitan kawai nake gani lokacin da yayi shiru yana ta juya abin nan a marata bai ce komai ba. Dan Allah wadda ta taɓa shiga wannan halin ta gaya min wanne ta zaɓa kuma yaya ta ji.

Ummu Khalil: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu Maman Hanan, Allah ya baki haƙuri ya sanyaya miki zuciya. Ni dai kafin komai ki koma sikanin ɗin nan na biyu, kar ki yarda a taɓa ki sai an tabbatar.

Anti Rabi: Sannu ƙanwata. Ni ya same ni kuma jira nayi, ya fita da kansa ba magani ba komai. Shawarata ki guji wankin cikin nan, lalata mahaifa yake, mata nawa aka yi wa daga nan haihuwa ta tsaya musu. Jikin mace ya san aikinsa, ki barshi yayi.

Maman 'Yan Biyu: Anti Rabi kiyi haƙuri amma ban yarda da wannan maganar ba. Ni wankin ciki aka yi min kuma bayansa na haifi tagwayen nan da kike gani a sunana. Jiran ne ma ni nake tsoro, yaya za'a ce mace ta zauna da abinda ba rai a cikinta, in ya ruɓe ya sa mata cuta fa? Maman Hanan kije a wanke miki ki huta, zuciyarki ma zata fi samun natsuwa.

Anti Rabi: To ai ke Allah ne ya tsare ki, ba kowa ke dacewa ba.

Maman 'Yan Biyu: Ke ma ai Allah ne ya tsare ki da jini bai ɓalle miki cikin dare ba Anti.

Admin: Dan Allah a sassauta, baiwar Allah na cikin jimami. Sista Jamila da Dakta kuna kusa? Ku taimaka mana.

Sista Jamila: Wa alaikumussalam. Sannu Maman Hanan, Allah ya mayar da alheri. Ni ungozoma ce, kuma irin naki muna ganinsa sosai, ciki ya tsaya amma jiki bai gane ba tukuna. Tashin zuciyar da kike ji ba ƙarya bane, mabiyya ce da ta fara haɗuwa take ci gaba da sakin sinadarin ciki a jininki, shi yasa nono ke nauyi, gwajin fitsari ma in kika yi yanzu layi biyu zai nuna. Maganar Ummu Khalil ita ce ta farko. Ƙa'idar masu sikanin ita ce ba'a yanke hukunci da dubawa ɗaya sai in tsawon ɗan tayin ya kai milimita 7 babu bugun zuciya, ko jakar cikin ta kai milimita 25 ba'a ga komai a ciki ba. In bai kai haka ba sai a jira kwana 7 zuwa 14 a sake, saboda wani lokacin lissafin kwanakin ne ya kauce, musamman ga wadda al'adarta bata da tsayayyen lokaci. Ba wai ina ɗora miki buri bane, tazarar sati 10 da sati 6 tana da yawa, gara ki shirya zuciyarki, amma likitanki yayi daidai da bai yi gaggawa ba.

Maman Hanan: Nagode Sista. Al'adata bata saɓa lokaci gaskiya, na san lissafina daidai ne. Abinda ke cina shine satin da ya wuce nayi aiki sosai, na ɗaga kaya masu nauyi, kuma mun ɗan samu saɓani da maigida nayi kuka har kaina yayi ciwo. Ko ni na jawo?

Sista Jamila: A'a wallahi, cire wannan daga ranki. Ki duba ma lissafin, tun a sati 6 ya tsaya, makonni kafin aikin da kike magana. Kuma ko da a ranar ne, ɗaga kaya, aikin gida, tafiya, kwanciyar aure, ɓacin rai, babu ɗaya da aka tabbatar yana zubar da lafiyayyen ƙaramin ciki.

Dakta Zee: Salam, yanzu na fito daga aiki naga an kira ni. Maman Hanan sannu da wannan rashi, don rashi ne, kar kowa ya raina miki shi. Bari in ɗora kan maganar Sista. Kusan rabin ɓarin da ake yi a wata ukun farko daga ƙwayoyin gado ne da ake kira kuromosom, tun ranar da ƙwan mace da na namiji suka haɗu lissafin bai cika daidai ba, ko ɗaya ya ƙaru ko ya ragu, sai ɗan tayin ya kai wani mataki ya kasa wucewa. Babu kwanciya ko allura ko maganin da zai gyara wannan. Kuma abin yana da yawa fiye da yadda ake zato, cikin ciki 100 da aka tabbatar wajen 10 zuwa 20 suna zubewa, mujallar Lancet a 2021 ta ƙiyasta ɓari miliyan 23 ake yi a duniya duk shekara. Shiru ne yayi yawa shi yasa kowacce take ganin kamar ita kaɗai ce.

Sai maganar Anti Rabi da Maman 'Yan Biyu, kowaccenku ta riƙe wani ɓangare na gaskiya. An yi wani babban bincike a Ingila da aka fitar a 2006, aka kwatanta hanyoyin nan uku, aka ga kamuwa da cuta kusan ɗaya ne a dukkansu, mata 2 zuwa 3 cikin 100, kuma da aka bi matan bayan shekaru ba'a ga bambanci a samun haihuwa ba. Don haka jira ba ganganci bane, wankin ciki kuma ba yanke haihuwa bane. Bambancin yana wajen lokaci da yadda abin zai zo miki.

Jira: in aka bashi isasshen lokaci, har zuwa sati 8, wajen 80 cikin 100 yana fita gaba ɗaya da kansa. Amma ya fi aiki ga wadda jini ya riga ya fara zuba, irin naki da jiki bai motsa ba yakan ɗau lokaci, shi yasa asibitoci da yawa suke cewa a jira sati ɗaya zuwa biyu sai a sake zama a duba. Wahalarsa ita ce baki san ranar ba, zai iya zuwa kina wajen aiki ko tsakar dare.

Magani: akwai misoprostol wanda ke sa mahaifa ta matse ta turo abinda ke ciki, in ana samun wani maganin da ake kira mifepristone a sha shi kwana ɗaya ko biyu kafin nan to ya fi aiki. Binciken Amurka na 2018 ya nuna wajen 84 cikin 100 sun gama da haɗin biyun, misoprostol kaɗai kuma wajen 67 a zagayen farko. Yawanci cikin 'yan awanni ciwo da jini suke farawa. Ba zan rubuta adadin ƙwayar a nan ba da gangan.

Wankin ciki: kusan 99 cikin 100 an gama a zama ɗaya.

Anti Rabi: To Dakta matan da ake cewa an kankare musu mahaifa har al'ada ta ɗauke fa? Ni da kunnena na ji.

Dakta Zee: Akwai shi Anti, ban musa ba. Tabo ne ke fitowa a bangon mahaifa har ya manne, amma ba kasafai ba, kuma ya fi faruwa da tsohuwar hanyar kankarewa da ƙarfe, ko in an maimaita aikin sau da yawa, ko akwai cuta a ciki. Yanzu abinda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi amfani dashi shine zuƙewa, wanda ake kira MVA, wata babbar sirinji ce ta roba da siririn bututu, a yi allurar kashe zafi a bakin mahaifa a zuƙe, minti 10 zuwa 15 an gama, ki huta kaɗan ki tafi gida ranar. Duk wadda za'a yi wa tana da haƙƙin ta tambaya wace hanya za'a bi da ita, kuma me za'a bata na zafi. Kar ki ji nauyin tambaya.

Maman 'Yan Biyu: Irinsa aka yi min. Gaskiya akwai zafi lokacin zuƙewar, kamar ana murɗa mara da ƙarfi, na riƙe hannun nas ɗin har da ƙaraji, amma kafin in gama kukan ance an gama. Abinda ya fi min zafi ma ba aikin bane, zaman jiran layi ne kusa da masu tsohon ciki suna ta hirar kayan jarirai, ni kuma ina riƙe da katina ina kallon ƙasa. In zaki je kar kije ke kaɗai.

Ummu Sultan: Ni magani aka bani, bari in faɗa miki yadda yake tsakani da Allah don ni ba wanda ya gaya min, ance min dai kamar al'ada mai nauyi ne. Ba haka bane, ya fi al'ada nesa ba kusa ba, ƙaramar naƙuda ce. Bayan 'yan awanni sanyi ya rufe ni haƙorana har haɗuwa suke, ga gudawa, sai mara ta fara ɗaurewa tana saki tana ɗaurewa tana saki, sai gudajin jini manya suka fara fita, daga baya wani abu ya fito daban da jinin, fari-fari haka kamar 'yar jaka, ina ganinsa na san shine, na zauna a ƙasan banɗaki na kasa tashi ba don ciwo ba. Bayan fitarsa ciwon ya lafa sosai, jinin ya koma kaɗan kaɗan har wajen sati biyu. Duk da haka in aka ce in sake zaɓa shi zan zaɓa, saboda a ɗakina nake, mijina na kusa, ba wanda ya taɓa ni da ƙarfe. Amma ki tanadi fad manya da yawa, ki sha maganin zafi tun kafin ciwon ya kankama, ki samu wanda zai riƙe miki Hanan ranar, kuma kar ki kulle ƙofar banɗaki.

Maman Hanan: Ummu Sultan kin sa ni kuka wallahi amma nagode da kika faɗi gaskiya, wannan ganin nashi shine abinda nake tsoro, ban san ko zan iya ba.

Ummu Sultan: Ba dole ki duba ba 'yar uwa, wasu suna so su gani wasu basa so, duka daidai ne. A girman sati 6 ma da wuya ki bambance shi da gudan jini.

Amaryar Bana: Dan Allah in tambaya, maganin nan ba'a samunsa a kemis ne? Ƙawata jini take gani kwana biyu da ƙaramin ciki, tace bata son zuwa asibiti, sai nake ganin ko ta siya ta sha kawai ya fita.

Sista Jamila: Amarya dan girman Allah kar ta sha. Na farko ba duk jini bane ɓari, mata da yawa suna ganin jini a farkon ciki kuma cikin ya zauna lafiya har haihuwa, kinga in ta sha ta zubar da mai rai. Na biyu wanda ya fi tsorata ni, ta yiwu cikin ba a mahaifa yake ba, ya zauna a bututun ƙwai, wannan yana samun ciki 1 zuwa 2 cikin 100, maganin nan baya fitar dashi, bututun ne zai fashe jini ya taru a cikin cikinta ba tare da an gani a waje ba. In tana jin ciwo a gefe ɗaya na mara, ko ciwo a saman kafaɗa, ko jiri kamar zata faɗi, yanzun nan a kaita ba gobe ba. Ko bata jin komai taje a yi sikanin a ga inda cikin yake.

Amaryar Bana: Subhanallah, bari in kira ta yanzu.

Sista Jamila: Yawwa. Kuma ga duk wadda ta zaɓi jira ko magani, ga abinda zai sa ki tashi ki tafi asibiti ko ƙarfe nawa ne, in kina jiƙa fad babba guda biyu a awa ɗaya har awa biyu a jere, ko jiri da bugun ƙirji da ganin duhu, ko zazzaɓi da ya kai 38 ya ƙi sauka, ko abinda ke fita ya fara wari, ko ciwon da maganin zafi ya kasa taɓawa. Misoprostol da kansa yana kawo sanyi da ɗan zazzaɓi a ranar da aka yi amfani dashi, amma in ya wuce kwana ɗaya to ba na maganin bane. Ni abinda nake fara tambayar mace kafin ta zaɓa shine, in jini ya ɓalle miki ƙarfe biyun dare wa zai kai ki, da me, kuma minti nawa ne zuwa asibitin da ke da jini? In amsar bata da daɗi gara a yi aikin a gama da rana tsaka. Haka mai ƙarancin jini, mai sikila, mai matsalar daskarewar jini, ko wadda alamar cuta ta riga ta bayyana, waɗannan ba'a barinsu jira.

Hajiya Babba: Maman Hanan 'yata kiyi haƙuri, ki gode wa Allah tunda ƙarami ne bai zama mutum ba, kuma kina da Hanan, ga ƙuruciya, wani na nan tafe. Ki share hawaye ki manta.

Ummu Khalil: Hajiya na san da alheri kike nufi kuma Allah ya saka, amma wallahi kalmar nan ta "ai ƙarami ne" ita ta fi yi min ciwo lokacin nawa. Ni tun ranar da naga layi biyu na lissafa watan haihuwa, na fara tunanin suna, a raina ya riga ya zama ɗa. Da aka yi ta ce min ki manta sai na koma kuka a ɓoye, ina jin kunyar baƙin cikina kamar nayi laifi. Haƙuri daban mantuwa daban.

Hajiya Babba: Haka ne 'yata, mu a namu lokacin ba'a magana ne, nima na rasa kuma har yau in watan ya zagayo ina tunawa, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Allah ya bamu haƙuri baki ɗaya.

Ummu Khalil: Allah sarki Hajiya, amin ya rabbi.

Dakta Zee: Wannan ɓangaren muna sakaci dashi a asibiti, mu wanke mahaifa mu sallami mace ba mu tambayi zuciyarta ba. Wani bincike da aka yi a Landan aka fitar a 2020 ya gano wata ɗaya bayan ɓari ko ciki a wajen mahaifa, kusan mace 3 cikin 10 suna da alamun firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, wasu har bayan wata 9 yana nan. Kuka da rashin son ganin masu ciki da jin haushi ba dalili duk ba abin mamaki bane a makonnin farko, ga sinadaran jiki ma suna sauka lokaci guda. Amma in makonni suka wuce ba barci ba cin abinci, abin yana ta dawo miki kamar yanzu yake faruwa, kin kasa kula da kanki ko yaranki, ko tunanin cutar da kanki ya fara zuwa, to wannan ciwo ne da ake magani, a faɗa wa likita kai tsaye.

Maman Hanan: Maigida tun jiya bai ce komai ba, ya dawo ya ci abinci ya kwanta, sai nake jin kamar ni kaɗai abin ya dama.

Maman 'Yan Biyu: Kar ki yanke masa hukunci da wuri. Nawa haka yayi, sai daga baya yake gaya min a mota yake tsayawa yayi kukansa kafin ya shigo, wai kar ya ƙara min. Ki ce masa ya raka ki sikanin na biyun, ya ji daga bakin likita cewa ba laifin kowa bane, yana taimakawa sosai musamman in 'yan uwa suka fara tambaye-tambaye.

Maman Hanan: Salam 'yan uwa, na dawo. Mun je tare da shi an sake dubawa, babu canji, jakar ma ta fara motsewa. Alhamdulillah ala kulli halin. Nayi ta tunani cikin satin nan, jira dai na san ba zan iya ba, kwanakin nan kaɗai duk shiga banɗaki sai gabana ya faɗi. Na so magani saboda maganar Ummu Sultan ta zama a ɗakina, amma tambayar Sista ce ta tsaya min, muna da nisa da asibiti kuma maigida aikin dare yake, ga awon jinina ya nuna yayi ƙasa. Na zaɓi MVA, na tambayi likita irin wanda zai yi kamar yadda Dakta tace, ya nuna min sirinjin ma da idona. An yi jiya, ina gida, mara na ɗan ciwo jinin kaɗan ne. Anti Rabi kiyi haƙuri ban bi taki ba.

Anti Rabi: Haba ƙanwata wane haƙuri, jikinki ne kuma kin fi ni sanin halin da kike ciki. Allah ya ƙara sauƙi ya baki mai albarka.

Sista Jamila: Sannu da ƙoƙari. An duba rukunin jininki? In negetif ne ki tambaya maganar allurar anti-D, wadda ke hana jininki yaƙar jinin jariri a ciki na gaba, yau ɗin nan, cikin awa 72 ake yinta, ƙa'idar bada ita a ƙaramin ciki ta bambanta daga wuri zuwa wuri amma bayan aiki irin naki da yawa suna bayarwa. Ki sha maganin ƙarin jinin da aka rubuta miki kar ki yasar dashi in kin ji sauƙi. Fad kawai zaki yi amfani dashi, ba cusa komai, kwanciyar aure kuma sai bayan sati ɗaya zuwa biyu in jini ya tsaya. Bayan sati 3 kiyi gwajin fitsari, in har lokacin yana nuna ciki ki koma a duba.

Maman Hanan: O fozitif ne Sista, an duba. Nagode Allah ya biya ki.

Ummu Sultan: Dakta ni kuma tawa tambayar, yaushe ya kamata a sake neman ciki? Wasu sun ce wata 3 wasu wata 6, ni kuma shekaruna 36 ina ganin lokaci na tafiya.

Dakta Zee: Maganar wata 6 tsohuwar shawara ce, binciken da aka yi daga baya bai nuna amfanin jinkirin ba bayan ɓarin farkon ciki da bai zo da matsala ba. Al'ada takan dawo cikin sati 4 zuwa 6, amma ƙwai yana iya fita tun sati 2 bayan ɓarin, ma'ana ana iya ɗaukar ciki kafin a ga al'adar ma, don haka wadda bata shirya ba ta nemi tsarin iyali tun yanzu. Mukan ce a bari al'ada ɗaya ta zo don lissafin kwanaki ya fito daidai. Banda wadda cikinta ya zauna a wajen mahaifa ko aka ce mata cikin inabi ne, wato wanda mabiyya ke rikiɗewa ta zama ƙullutu kamar 'ya'yan inabi, waɗannan suna da nasu lokacin da likita zai faɗa. Ki fara shan folik asid tun yanzu. Shekaru suna da tasiri ba zan ɓoye miki ba, a 35 haɗarin ɓari wajen 20 cikin 100 ne, a 40 ya kai wajen 40, amma a shekarunki mafi yawan ciki suna zama. In jininki ya dawo kuma zuciyarki ta yarda, ba abinda zai sa ki jira.

Maman Iman: Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. Ni na uku kenan a jere, duk basa wuce wata biyu, kuma duk lokacin sai a ce min in yi haƙuri in sake gwadawa, ba wanda ya taɓa yi min wani gwaji. Yanzu ko layi biyu na gani tsoro nake ji maimakon murna.

Dakta Zee: Sannu Maman Iman, Allah ya kawo ƙarshensa. Uku a jere yana samun wajen mace 1 cikin 100, kuma ya wuce a ce ki sake gwadawa kawai, wasu likitocin tun a na biyu suke fara bincike. Ki nemi ganin likitan mata ba ɗakin awo ba, ki tafi da duk takardun sikanin ɗin baya. A duba sukari, a duba maƙoshi wato tayiroid, a duba siffar mahaifa ko akwai shamaki ko ƙari a cikinta, sannan gwajin jini na antifosfolifid, wata matsala ce da ke sa jini saurin daskarewa, shi ana yinsa sau biyu da tazarar sati 12, in aka same shi akwai maganin da ke taimakawa sosai, asfirin ƙarami da allurar heparin mai hana jini daskarewa, amma kar ki fara da kanki. Wani lokacin akan duba ƙwayoyin gadonki da na maigida. Ki sani kuma kusan rabin masu irin matsalarki duk gwajin zai fito lafiya, kuma ko a hakan yawancinsu suna haihuwa daga baya. In kika sake samu kije da wuri a yi sikanin tun sati 6 zuwa 7, in kuma kika ga jini ki gaya musu tarihinki ki tambaya maganar furojestaron, wato sinadarin da ke riƙe ciki, ga mai tarihin ɓari da ke ganin jini a farkon ciki ana bada shi bayan an tabbatar cikin a mahaifa yake.

Maman Iman: Na kwafe duka Dakta. Gwajin antifosfolifid ɗin sai na jira al'ada ta dawo ko zan iya yi yanzu? Ɓarin bai fi sati biyu ba.

Dakta Zee: Ki bari aƙalla sati 6 su wuce daga ɓarin, in aka yi da wuri sakamakon yana iya ruɗarwa. Na sukari da na maƙoshi kam ko gobe zaki iya yi, ki karɓi ranar ganin likitan tun yanzu don layinsu yana da tsawo.